Yadda Ake Zaɓen Katakon da Zai Jure Ruwa a Teburin Wanke Hannu na Banɗaki

Mafi yawan masu gini a garuruwanmu dutse suke shimfiɗawa a saman kabad ɗin da ke ɗauke da kwanon wanke hannu a banɗaki, kuma suna da hujja, domin dutse ba ya ruɓewa, ba ya kumbura, gara ma ba ta kula shi. Duk da haka akwai masu sha'awar katako saboda kyawun zanensa da launinsa, kuma sha'awar tasu ba ta wuce hankali ba, tun da da katako ake sassaƙa kwalekwale ya shekara yana kwana a cikin kogi. Sai dai katakon da zai zauna a banɗaki yana da sharuɗɗa uku da ba a tsallake ko ɗaya daga cikinsu: irin itacen da aka yanko shi, yadda ya bushe kafin kafinta ya taɓa shi, da yadda aka toshe duk wurin da zarto ya bi. Mutane sun fi damuwa da na farko, alhali na biyu da na uku su ne suka fi lalata aiki.

Kafin a je kasuwa ya kamata a dubi banɗakin kansa. Yawancin banɗakunanmu ba a raba wurin wanka da sauran ɗakin, ana wanka da bokiti ko shawa ruwa ya bi ko'ina, ana alwala sau biyar a rana, ana kuma wanke tayil da ruwa mai yawa. Idan wurin da za a sa teburin yana kusa da shawa har ruwanta na zuba a kansa kullum, ko banɗakin ba shi da taga da iska ke shiga, to shawara mafi gaskiya ita ce a haƙura da katako a sa dutse. Idan kuwa akwai gilashi ko labule ko ɗan bango tsakanin wurin wanka da teburin, kuma ɗakin yana bushewa bayan an yi amfani da shi, katako mai kyau zai zauna lafiya.

Irin itacen

Abu na farko da za a riƙe shi ne, ƙarkon da ake yabon kowane itace da shi yana tsakiyar gungumensa ne, wato ɓangaren nan mai duhu da ya tara mai da wasu sinadarai masu hana funfuna da ƙwari ci. Farin zoben da ke tsakanin wannan tsakiya da ɓawo ba shi da wannan kariya, ko da a itacen da ya fi kowanne ƙarko ne, kuma shi ne ƙwarin nan masu huda katako su bar gari kamar fulawa suka fi so. Saboda haka falankin da aka ga farin layi a gefensa, ko dai a bar shi, ko a saye shi da niyyar kafinta zai tsage farin ya yar. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 350 ta kasa itatuwa aji biyar bisa yadda tsakiyarsu ke jure ruɓewa, aji na 1 shi ne mafi ƙarko, aji na 5 kuma ba ya jurewa ko kaɗan. Don aikin banɗaki, aji na 1 da na 2 ake nema.

A ganina kawo ne ya fi cancanta a fara nema. Shi ne itacen da masana tsirrai ke kira Afzelia africana, 'yan katako daga kudu kuma suna ce masa apa. Danginsa suna aji na 1, yana da nauyi, kusan kilo 800 a kowace mita guda ta tsawo da faɗi da kauri, kuma babbar falalarsa ita ce ba ya yawan motsi: laima ta ƙaru ko ta ragu, kumburarsa da tsukewarsa kaɗan ne idan aka gwada da yawancin itatuwa. Launinsa ja ne mai ratsin ruwan ƙasa, yana ƙara duhu idan ya daɗe a haske. Yana da aibi guda biyu da ya kamata a sani. Yana dakushe kaifin kayan aiki, don haka kafinta zai nemi ƙarin kuɗi, sannan akwai wani sinadari rawaya a cikinsa da kan ɓata jiƙaƙƙen tawul ko farin yadi idan aka ɗora a kan katakon da ba a shafe shi da kyau ba.

Na biyu shi ne loko, wanda aka fi sani a kasuwa da iroko, itacen kurmin kudu. Yana tsakanin aji na 1 da na 2, nauyinsa wajen kilo 650, kuma ya fi kawo sauƙin samu da faɗi mai kyau. Idan aka yanke shi sabo rawaya ne, daga baya ya rine ya koma ruwan ƙasa, saboda haka kada mai saye ya tsorata idan ya ga falankai biyu na loko launinsu ya bambanta. Wani lokaci ana samun dunƙulen farin abu mai tauri kamar tsakuwa a cikinsa, wanda ke karya haƙoran zarto, kuma ƙurarsa tana sa wasu ƙaiƙayi da tari, don haka mai goge shi ya rufe hanci da baki. Idan aka haɗa farashi da ƙarko da sauƙin samu, loko ne yawancin mutane za su tsaya a kai, kuma ba su yi asara ba.

Tik, wato Tectona grandis, shi ne ya yi suna a duniya wajen aikin ruwa, domin da shi ake shimfiɗa daɓen jiragen ruwa. Asalinsa daga Indiya da Myanmar da Tailan da Laos ne, yana da mai a jikinsa har ana jin santsinsa a hannu. An dasa shi a Najeriya tun zamanin mulkin mallaka, akwai gandunansa a dajin Gambari na Jihar Oyo da dajin Nimbia a kudancin Jihar Kaduna, ana kuma nomansa a Gana da Togo da Benin. Inda gizo ke saƙar shi ne, tik ɗin gandu da aka sare yana ƙarami bai kai tsohon tik na daji ba: farin gefensa yana da faɗi, tsakiyarsa ƙarama ce, mansa kaɗan ne, shi ya sa ƙa'idar da aka ambata ta bar na gandu tsakanin aji na 1 da na 3. Wanda ya samu tik mai duhu, mai maiƙo, daga babban gungume, ya samu abu mai kyau. Wanda aka miƙo wa siririn falanki rabinsa fari, suna kawai zai saya, gara ya koma kan loko.

Madaci yana da kyau a ido, ja ne mai sheƙi idan aka goge shi, amma shi da danginsa na kudu da ake sayarwa da sunan mahogani, har da safele wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, matsakaita ne wajen jure ruɓewa, galibi aji na 3. Za su yi a banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, da sharaɗin a rufe su da shafe mai kauri. Jijiyar madaci a harɗe take, yakan karkace idan bai bushe a hankali ba. Kirya kuwa, wadda maƙera suka san gawayinta, mata suka san turminta, ta fi dukkan waɗannan tauri kuma gara ba ta cin ta, sai dai da wuya a same ta a falanki miƙaƙƙe mai faɗi, kuma aikinta yana gajiyar da kafinta.

Waɗanda za a kauce wa su ne obece da farar afara da maje, domin suna da laushi, suna shan ruwa, funfuna tana baƙanta su cikin ɗan lokaci. Malaina tana da amfani a ƙofofi da kujeru saboda ba ta yawan karkacewa, amma ta yi laushi da yawa a wurin da za a riƙa ajiye kwalabe da reza, farce ma yana yi mata tabo. Baƙar afara ta ɗan fi su ƙarko, amma idan ta jiƙe tana fitar da ruwa rawaya, tana kuma cin ƙarfe. Allunan da ake yi da garin katako da gam, irin su MDF, da zarar ruwa ya samu ƙofa ta gefensu sai su kumbura, kuma ba sa komawa. Filawud na jirgin ruwa na gaske, wanda aka yi bisa ƙa'idar Ingila mai lamba BS 1088, yana da kyau a jikin kabad ɗin, amma a kula, domin ana yawan kiran baƙin allon da magina ke zuba kankare a kansa da wannan suna, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Akwai wata magana da ta shafi dazuzzukanmu. An sa madobiya a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe a taron 2016, bayan sarar da aka yi mata ba kima don fitarwa waje, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara dangin kawo da na madaci na Afirka. Wannan doka ta shafi fitarwa ƙetare ne, ba ta hana mutum sayen falanki a garinsu ba, amma tana nuna cewa itatuwan suna ƙarewa. Teburin banɗaki ba ya cin katako da yawa, kuma tsohuwar ƙofa ko tagar loko da aka ciro daga gidan da ake rushewa ta fi sabon falanki, domin ta riga ta bushe sarai.

Bushewa

A nan ne yanayin ƙasarmu ke shigowa, kuma a nan ne aiki ya fi lalacewa. Katako ba ya daina shan laima daga iska da sakinta har ƙarshen rayuwarsa. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, sannan ta haura kashi 70 a watan Agusta. Katakon da ya zauna a iska mai laima kashi 20 yakan daidaita da ruwa wajen kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa, a laima kashi 80 kuma yakan kai wajen kashi 16. Mafi yawan loko da tik daga kudu ake hawo da su, inda iska ke da laima kusan duk shekara, wani lokaci ma ɗanye ake loda shi a mota. Idan kafinta ya haɗa tebur da irin wannan katako a watan Satumba, kafin Janairu zai tsuke, haɗin ya buɗe, gefen ya tsage, silikon ɗin da ke kewaye da kwanon ya rabu, ruwa kuma ya samu hanyar shiga daidai inda ba a so.

Katako ba ya tsukewa a tsawonsa sai kaɗan ƙwarai, a faɗinsa yake motsi. Tebur mai faɗin santimita 55 na iya bambanta da kusan rabin santimita tsakanin damina da hunturu idan ba a rufe shi da kyau ba. Yadda aka tsaga gungumen ma yana da tasiri. A dubi bakin falankin inda aka yanke shi a gicciye: idan layukan shekarun itacen a tsaye suke, daga sama zuwa ƙasa, wannan falankin ya fi zama lafiya, idan kuwa sun kwanta kamar baka, zai fi motsi, a wasu itatuwan har kusan ninki biyu, kuma shi ne ke lanƙwashewa ya yi kwari a tsakiya.

A manyan kasuwannin katako irin na Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai, ana samun wanda ya daɗe a rumfa da wanda aka sauke jiya, saboda haka a tambayi lokacin da aka kawo shi. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan ruwan da ke cikinsa, kuma kafintan da ke aikin banɗaki da kicin ya kamata ya mallake ta. A arewa, abin da ake so shi ne wajen kashi 8 zuwa 10, tsakanin bushewar hunturu da laimar damina. Wanda ba shi da na'urar yana da hanya mai sauƙi: ya sayi katakon da wuri, ya jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, ya ɗora nauyi a sama, ya shafa fenti a bakunan biyu don kada su tsage. Sai ya yanki guntu guda yana auna shi a sikeli duk mako, ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar wurin. Kada a shanya shi a rana don a yi sauri, domin bayansa zai bushe cikinsa na ɗanye, ya tsattsage. Mai hikima yakan sayi katako bayan damina ya bar hunturu ta yi masa aikin.

Haɗawa da toshewa

Falanki guda mai faɗi yana burge ido, amma shi ne ya fi saurin lanƙwashewa. Ya fi aminci a tsaga katakon siri-siri, faɗin santimita 6 zuwa 10, a jera su ana juya fuskar layukansu ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan a manne su su zama allo guda mai kaurin santimita 3 zuwa 4. Farin gam na yau da kullum da ake haɗa kujeru da shi yana sakin jiki idan ya daɗe cikin danshi, don haka a nemi wanda aka rubuta D4 a jikinsa, wato alamar gam mai jure ruwa, ko gam na foliyuretan, ko efoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa ya daskare. Idan tik ne ko loko, a goge wurin haɗin da tsumma mai asiton ko sina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kafin a shafa gam, saboda man da ke jikinsu yana hana shi kamawa.

Bakin katako inda aka yanke shi a gicciye yana zuƙar ruwa kamar yadda tsinken tsintsiya ke yi idan aka tsoma bakinta a kwano, fiye da fuskarsa nesa ba kusa ba. A teburin wanke hannu irin wannan baki yana gefuna biyu, yana kuma cikin kowane rami da aka huda: na kwano, na famfo, na bututun da ke fitar da ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kafinta ya gama shafe tebur ya yi kyau, daga baya mai aikin famfo ya zo ya huda ramukansa ya ɗaura kayansa a kan ɗanyen yanka. Daga nan ruɓewa ke farawa, a ƙarƙashin famfo inda ido ba ya gani, sai an ga baƙin zobe ya bayyana a sama, lokacin kuwa ɓarna ta yi nisa. Saboda haka a sayi kwano da famfo tun farko, a huda dukkan ramuka, a shafe cikinsu da efoksi sau biyu ko uku har su daina sha, sannan a shafe sauran teburin. Ƙasansa ma a shafe shi daidai da samansa, domin idan fuska ɗaya ce kawai a rufe, ɗayar za ta riƙa shan laima ita kaɗai, allon ya lanƙwashe.

Irin kwanon yana da muhimmanci. Wanda ake ɗorawa a saman tebur, ko wanda leɓensa ke hawa kan katakon, ya fi dacewa, domin yana rufe yankan. Wanda ake maƙalawa ta ƙasa yana barin bakin yankan a fili yana shan ruwa duk lokacin da aka buɗe famfo, kuma ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba. Famfon da ya fito daga bango, ko wanda ke zaune a jikin kwanon, ya fi wanda aka dasa a cikin katako, saboda jiƙaƙƙen hannu da ke murɗa shi yana ɗiga ruwa a gindinsa kullum.

Wajen ɗaurawa, a yi amfani da sukurori na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na tagulla, domin baƙin ƙarfe idan ya haɗu da danshi yana baƙanta katako. A faɗaɗa ramukan sukurorin kaɗan ta yadda allon zai iya motsi, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da bango a cike ta da silikon mai maganin funfuna. A tsaga ɗan siririn kwari a ƙarƙashin leɓen gaba, don ruwan da ya gangaro ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ƙarƙashi ya shiga kabad. Kabad ɗin kansa a rataye shi a bango ko a ɗora shi kan ƙafafun ƙarfe ko roba, kada ya zauna a kan tayil da ake wankewa. Tsayin da aka saba shi ne santimita 80 zuwa 90 daga ƙasa zuwa leɓen kwano.

Shafe da kulawa

Shafe iri biyu ne. Akwai mai yin fata a saman katako, kamar foliyuretan da banish na jirgin ruwa da efoksi, wanda ke hana ruwa shiga ƙwarai matuƙar bai fashe ba, amma idan ya samu tsaga ruwa kan shige ƙarƙashinsa ya maƙale, gyaransa kuma sai an kankare duka. Akwai kuma mai shiga cikin katako, kamar man tung, wanda ake matsowa daga ƙwayar itacen tung, ko mai haɗe da kakin zuma, wanda ke barin katako da kamanninsa kuma ana iya gyara wuri guda da sanfefa, amma yana buƙatar sabuntawa sau ɗaya ko biyu a shekara. A gidan da yara suke da yawa kuma babu mai lura da goge ruwa, na farkon ya fi, a shafa aƙalla sau uku ko huɗu ana gogewa da sanfefa mai laushi tsakani. Na biyun ya fi dacewa da tik da loko a banɗakin manya. Folish ɗin feshi da ake yi wa gadaje da kujerun falo ba na wurin ruwa ba ne, farin tabo yake yi. Tsumman da aka shafa man tung ko makamancinsa da shi yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye, don haka a baza shi a fili ya bushe ko a tsoma shi a ruwa.

Bayan an gama, kulawar ba ta da wahala. Kada a bar sabulu a kan katako kai tsaye, a sa masa mazubi mai ƙafa. Lalle da rinin gashi da bilic suna barin tabon da ba ya fita, a yi aikinsu a cikin kwano. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yana barin farin zane idan ya bushe a wurin, maganinsa a goge shi tun yana ɗanye. Duk bayan wata biyu ko uku a ɗiga ruwa a kusa da famfo a duba: idan ya dunƙule ya tsaya, shafen yana nan, idan ya baje katakon ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi. A wannan lokacin ne kuma za a buɗe kabad a shafa hannu a ƙarƙashin allon da kewayen bututu, domin yoyon da ke ɗiga a ɓoye na wata guda ya fi fantsamar shekara ɓarna, kuma silikon da ya fara ɓallewa a cire shi gaba ɗaya a sa sabo bayan wurin ya bushe sarai.